Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Noma da Kiwo kan naman alade mai gishiri da ke shigowa ƙasa

Mai girma Minista, ranka ya daɗe,

Muna gaisuwa da fatan alheri. Mu likitocin dabbobi ne da masu duba nama a nan Yamai. Maganar da muka kawo maka ta naman alade ce da ake sa wa gishiri a busar, wato jambon da sosison da danginsu, wanda ake shigowa da shi daga waje. Mun san ba magana ce da ake son ɗauka a ƙasarmu ba. Galibin ƴan Nijar Musulmi ne, ba sa ci, ba sa kiwo, wasu ko sunan ba sa son ambata. Amma naman yana shigowa. Ana samunsa a wasu manyan shaguna da otal-otal, da wuraren zaman ma'aikatan ƙasashen waje, da jakunkunan matafiya. Akwai kuma ƴan ƙasa da ke kiwon aladu a gefen Yamai da wajajen Gaya, da shi suke ci da iyalinsu. Kwalin da ma'aikacin kan iyaka ke ƙyamar taɓawa, shi ne ke wucewa ba a buɗe ba.

Cutar da ke gabanmu ita ce zazzaɓin aladu na Afirka, wanda muke kira PPA a wurin aiki. Ba ya kama mutum. Alade kuwa, idan mai tsananin ya shiga garke, yana iya ƙarar da shi ƙaf: jiki ya yi zafi har digiri 41 ko 42, kunnuwa da ciki su yi ja, ga amai da zawon jini, cikin mako ɗaya zuwa biyu sai mutuwa. Ba shi da magani. Ya shiga Kodibuwa a 1996, Benin da Togo da Najeriya a 1997, Gana a 1999, Burkina Faso a 2003. Maƙwabtanmu na kudu duka sun san shi.

Yadda yake tsallaka teku ne ya sa muka damu da nama. A 1957 ya isa Fotugal ta ragowar abincin jirgin sama da aka ba aladu kusa da filin jirgin Lisbon. Ya sake komawa a 1960, kuma sai da Fotugal da Sifen suka yi fama da shi fiye da shekara 30. A 2007 ya ɓulla a Jojiya, a yankin tashar jiragen ruwa ta Poti, daga nan ya bazu zuwa Rasha da gabashin Turai, ya kai Sin a 2018, Jamus a 2020, arewacin Italiya a 2022.

Kuskuren da ya fi yawa, har a tsakanin ma'aikata, shi ne ɗaukar cewa gishiri da bushewa sun kashe komai, kamar yadda muke kallon kilishi. Ƙwayar wannan cuta ba ta jin gishiri da wuri. Alƙaluman da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ke koyar da likitoci da su sun nuna tana iya rayuwa kwana 182 a nama mai gishiri, kwana 300 a busasshe, kwana 110 a na firiji, kwana 1000 a daskararre. Sanyi adana ta yake yi. Don haka idan mai kaya ya nuna cewa kwantenarsa ba ta taɓa rasa sanyi ba tun daga Lome, ya amsa tambayar ruɓewa ne kawai, bai taɓa ta cuta ba.

Abin da ke kashe ta zafi ne ko tsawon lokaci, kuma hukumar lafiyar dabbobi ta duniya, OMSA, wadda Nijar ke cikinta, ta rubuta ma'aunin a babi na 15.1 na kundinta. Nama dafaffe sai zafi ya kai digiri 70 har tsakiyarsa, ya zauna haka minti 30. Mai gishiri busasshe sai ya yi wata 6 cur. Hanjin da ake cusa sosison a ciki sai ya kwana 30 cikin gishiri a zafin da bai gaza digiri 12 ba. Naman gwangwani da aka dafa a rufe da zafin masana'anta ba shi da matsala. Amurka ma ta bi abin iri-iri: jambon na Parma ta Italiya kwana 400, na Sifen kuma, Iberiko 365, Serano 190, domin cinya mai ƙashi da kitse mai kauri ta fi riƙe ƙwayar.

Idan aka auna kayan da wannan ma'auni, babbar cinyar da ta shekara a rataye ba ita ce abin tsoro ba. Sosison ne, wanda yawancinsa makonni kaɗan yake yi kafin a fitar da shi kasuwa, da yankakken kitse mai hayaƙi, da gasasshen naman bakin hanya da ake saye a Wagadugu ko Malanbil a ƙunshe a takarda. Wuta ta soya bayansa, amma kusa da ƙashi bai kai digiri 70 ba. Ido ba ya gane wannan, sai an soka ma'aunin zafi a wuri mafi kauri lokacin dahuwa.

Roƙonmu shi ne ma'aikatarka ta fitar da ƙuduri guda, gajere, wanda ma'aikacin duwan da na dabbobi za su karanta su fahimta daidai da juna. Kada kaya su taso daga ƙasarsu sai mai shigowa da su ya karɓi izini a rubuce daga babbar hukumar likitocin dabbobi. Kowane kaya ya zo da takardar shaidar lafiya ta asali mai sa hannun likitan gwamnatin ƙasar da ya fito, ba hoto a waya ba. Takardar ta faɗi ƙasa da yankin da aka yi kiwon aladun, da lambar mayanka, da lambar masana'anta, da ranar da aka fara sa gishiri, da ranar da aka gama busarwa, da lambar hatimin kwantena. Ranar fara sa gishiri ita ce ginshiƙi. Ranar ƙarewar amfani da ke jikin leda ba ta gaya wa likita komai. Naman da ya fito daga yankin da babu cutar ya shigo da takardarsa. Wanda ya fito daga yankin da take, sai ya cika wata 6 ko digiri 70, in ba haka ba ya koma. Kuma jerin yankunan nan a riƙa sabunta shi duk wata daga sanarwar OMSA, a aika wa kowace tasha, saboda yankin da yake lafiya a bara yana iya kamuwa bana.

A wurin dubawa aikin bai fi matakai kaɗan ba, amma a nan ake zamewa. A gwada lambar hatimi da ta takarda kafin a yanke shi. A fito da kwalaye daga gaba da tsakiya da ƙuryar kwantena, domin abin da ba a so a gani ba a ajiye shi a bakin ƙofa. A duba tambarin masana'anta a jikin leda ko ya yi daidai da takarda. A ƙirga kwanakin da alƙalami. A kula da kwalin da aka rubuta masa "kayan abinci" kawai, don mai kaya ya san sunan alade zai jawo masa kallo. A ba ma'aikata safar hannu da wuƙa da teburin da aka keɓe don wannan aiki. Wanda aka tanadar wa safar hannu ba shi da dalilin ɗaga wa kwali hannu daga nesa. Muna ganin ya fi a taƙaita shigowar irin wannan kaya ga filin jirgin Diori Hamani da tasha ɗaya ko biyu ta ƙasa inda akwai likita kullum.

Jakar matafiyi kuwa hukuncinta ɗaya ne: babu shigowa da naman alade, ko guntu ne, ko tsaraba ce. Ba shi da takarda, ba a san kwanansa ba. A kafa alluna da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, a ajiye ganga mai murfi da kwaɗo inda mutum zai jefa da kansa ba tare da tara ba. Abin da aka kama a ƙone shi ranar, ko a binne a rami mai zurfin mita 2 a zuba farar ƙasa mai ƙuna, domin rami marar zurfi karnuka ke tonewa. Wurin da kayan suka taɓa a fara wanke shi da sabulu, sannan a zuba soda mai ƙuna, wato kostik, giram 8 a litar ruwa, a bar ta minti 30. Idan aka zuba magani a kan kitse da jini ba a wanke ba, an yi asararsa.

Duk wannan ba zai isa ba idan aka manta da kwandon shara. Ƙwayar ba ta cutar da wanda ya ci jambon, fatar da ƙashin da ya bari ne ke isa bakin alade. Mai kiwo a gefen gari yana karɓar ragowar abincin otal da gidajen abinci don dusa ta yi tsada, kuma ba za mu ga laifinsa ba. Ragowar jiragen sama da suka zo daga waje a hana fitar da ita, a ƙone ta a cikin filin jirgi. Ta otal kuwa, tunda hani kawai zai mai da abin aikin dare, a wajabta dafawa: a tafasa a rabin ganga, digiri 90 ko fiye, awa ɗaya cur, ana juyawa da muciya don manyan guntaye su dahu har ciki. Masu kiwo da yawa suna saukewa da zarar ya fara tafasa don tattalin itace, nan ne ƙwayar ke tsira.

Ranka ya daɗe, mai shanu ma yana da rabo a wannan magana. Naman da ba a sarrafa da kyau ba yana ɗaukar ciwon baki da kofato, wanda makiyaya ke kira boru, musamman a ɓargo da kaluluwa. Alade idan ya kamu yana fitar da ƙwayar a numfashi fiye da saniya nesa ba kusa ba. Annobar Ingila ta 2001 daga gonar aladu ta fara, inda ake ba su ragowar abinci, kuma sai da aka hallaka dabbobi fiye da miliyan 6, galibinsu tumaki da shanu. Muna da boru a ƙasa, gaskiya ne, amma iri-iri ne, kuma allurar wani iri ba ta kare dabba daga wani. Baƙon iri a garkunan Tawa da kasuwannin da muke fitar da dabbobi zuwa Najeriya ba ƙaramar asara ba ce.

Saura ranar da aladu za su fara mutuwa. Likitan da ya isa wurin yana buƙatar kwalaben jini masu murfi mai launin shunayya, da akwatin ƙanƙara, ya ɗauki saifa da kaluluwa da ƙoda, ko dogon ƙashi idan mushen ya ruɓe, ya kai babban ɗakin binciken cututtukan dabbobi na ƙasa, LABOCEL, a sanyaye. Ɗakin binciken kuma ya kasance da kayan gwajin gano ƙwayar cutar, wato PCR, a ajiye, ba sai an yi oda ranar ba. A rufe garken nan take, kada alade ko nama ko taki ya fita. Sannan a rubuta diyya a cikin ƙudurin tun yanzu, da farashi da wa'adin biya. Mai kiwon da ya san za a kashe masa dabbobi a bar shi hannu rabbana ba zai kira likita ba. Zai yanka masu sauran numfashi da dare ya sayar da araha, cutar ta bi naman zuwa unguwa ta gaba.

A shirye muke mu zauna da ma'aikatanka da na duwan don tsara rubutun ƙudurin da horar da jami'an tashoshi.

Allah ya taimake ka, ya yi maka jagora.

Wasu likitocin dabbobi da masu duba nama,
Yamai