Rahoton ayyukan 2024 daga kwamitin saba na ƙungiyarmu

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi, manyanmu da ƙannenmu. Ga rahoton bana, a yi haƙuri maganar saba (kwamfutocin da ke ɗauke da shafuka da manhajojin mambobi) ce za ta cinye yawancinsa don a can aka sha aiki.

Babban abin da ya canza shi ne mun daina kafa VM, wato injin kwaikwayo da ke gudana a cikin saba, da hannu. Kun san yadda ake yi da, memba ya nemi VM don gwaji ko don shafin shagonsa sai wani ya zauna ya ɗora ISO, fayil ɗin girka tsarin aiki, ya bi tambayoyin girkawa ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe yusa, ya saita fayawol (shingen tsaro) in ya tuna, kuma kowa da irin hannunsa, wani ya rufe shiga da root, asusun da ke da cikakken iko, wani ya bari a buɗe, in mutumin ya yi tafiya shi kenan babu wanda ya san me ke ciki. Yanzu muna da templet biyu, wato shiryayyun injina da ake kwafowa, a kan Proxmox, manhajar da ke tafiyar da VM ɗinmu, na Debian 12 da na Ubuntu 24.04 da ya fito a watan Afrilu, duka da cloud-init, manhajar saita sabon inji, a ciki. OpenTofu, manhajar kafa injina daga rubutaccen umarni, ne ke kwafo templet ya ba shi RAM da diski da adireshi, cloud-init ya saka sunan injin da makullin SSH (hanyar shiga inji daga nesa) a tashin farko, sai Ansible, manhajar saita injina, ya shiga ya ƙarasa sauran. Komai a rubuce yake a Git, ma'ajiyar da ke riƙe tarihin kowane canji, duk mai son canji ya tura, wani ya duba kafin a haɗa.

Ba don gayu muka bar VMware muka koma Proxmox ba. Broadcom ta gama sayen VMware a Nuwamban 2023, zuwa Fabrairun bana aka janye ESXi na kyauta, manhajar VMware ta tafiyar da VM, lasisi ya koma na biyan shekara-shekara da dala, ga yadda naira take. Sannan tsarin aiki na CentOS 7 ya daina samun gyaran tsaro daga 30 ga Yuni, tsofaffin injinanmu da yawa kuwa a kansa suke. Tunda dole a kwashe su, muka ce a kwashe ta hanyar da ba za a sake wannan wahalar ba.

An yi muhawara sosai kan Terraform ko OpenTofu. Gaskiya sauyin lasisin da HashiCorp, kamfanin da ke yin Terraform, ta yi a Agustan 2023 bai hana irin amfaninmu ba, amma masu rinjaye suka zaɓi OpenTofu tunda yana ƙarƙashin Linux Foundation, rubutun kuma kusan ɗaya ne.

Wani abu da ya ba mu ciwon kai, a rubuta shi don na baya: VM biyu da aka kwafo daga templet ɗin Ubuntu suka riƙa karɓar adireshin IP ɗaya daga DHCP, mai raba wa injina adireshi, ka shiga wannan sai ka tsinci kanka a wancan. Ashe fayil ɗin /etc/machine-id, mai ɗauke da lambar shaidar inji, ne ba a goge ba kafin a mayar da injin templet, sai duk 'ya'yan suka gaji lamba ɗaya. Yanzu gogewar tana cikin matakan haɗa templet.

Ranar 14 ga Maris da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke ta gefen Kwaddibuwa, ko apt update, umarnin sabunta jerin fakitin manhaja, sai ka yi ta jira, daga nan ne muka kafa apt-cacher-ng, ma'ajiyar fakiti, a cikin gida, fakiti ya sauko sau ɗaya kowa ya ɗauka daga nan, data ma ta ragu. Sai kuma duhun Oktoba da Arewa ta yi kwana da kwanaki babu wuta, batir ya gaza, janareto na shan mai kamar ba gobe, muka kashe duk abin da ba dole ba. Da wuta ta dawo diski ɗaya ya ƙi tashi. Injinan kansu mun sake gina su daga Git a yini guda, amma a lura, Ansible injin yake dawo da shi ba bayanan da ke ciki ba, waɗanda ba su saka nasu a jerin bakof (kwafin ajiya) ba sun yi asara, Allah ya mayar musu da alheri.

Horon wata-wata ya ci gaba, ɗalibai sun fi kowa zuwa, kuma har yau kukan YAML, tsarin rubutun fayilolin Ansible, ɗaya ne, a daina danna tab a yi amfani da sifes.

Kuɗi dai ma'aji zai kawo dalla-dalla a taro, amma wuta ce ta fi ci tun da aka kai layin Band A naira 225 kan kowane yunit a Afrilu. Masu bashin kuɗin wata don Allah a taimaka.

Abin da ya rage mana. Har yanzu akwai masu shiga injin ta SSH su gyara abu da hannu, Ansible ya zo ya mayar da shi yadda yake a rubuce, su kira mu wai an ɓata musu aiki. Injiniyoyinmu manya ma suna ciki, a yi mana afuwa. Kalmomin sirri kuma wasu na nan a fili cikin fayil, za a mayar da su Ansible Vault, mai ɓoye su, kafin ƙarshen Janairu, kuma muna neman mutum biyu da za su ɗauki gwajin dawo da bakof duk wata, mai sha'awa ya yi wa sakatare magana kafin ranar taro.