Edita, a rika yi mana bayani kan gudun dabbobi, ba lambobi kawai ba

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya kara basira. Dan Allah ka bani dan fili a jaridarmu mai farin jini inyi magana akan jerin nan da ake ta turawa a waya na dabbobin da sukafi gudu a kasa da ruwa da sama, lambobi kawai ake zubawa babu bayani, yara kuma haddacewa suke yi suna maimaitawa.

Mu fara da cita, wannan mai kama da damisa amma siririya. Gudunta gaskiya ne babu tantama, a 2012 wata cita mai suna Sarah a gidan zu na Cincinnati a Amurka ta cinye mita 100 cikin dakika 5.95, alhali Usain Bolt da duniya ke ji da shi 9.58 yayi a Berlin a 2009. To amma abinda ba'a fada shine wannan gudun na dan lokaci ne, bata kai minti daya ta gaji dole ta tsaya tana haki. Kuma da masana suka daura wa wasu na'ura a wuya a dajin Botswana, binciken ya fito a 2013, sai aka ga yawancin farautarsu ma basa kure gudu, abinda ke basu nama shine iya taka birki da juyawa nan take idan barewa ta kauce. Ni wallahi wannan yafi burgeni akan lambar, jelar nan tata doguwa ma aiki take yi wajen juyawar.

A sama kuma ana cewa shaho nau'in feregirin yana wuce kilomita 300 a awa, haka ne, amma fa lokacin da ya nade fukafukai ya sulo daga can sama zai bugi tsuntsu ne, nauyinsa na janshi kasa. Idan yana tafiyarsa mike bai ko kusa da haka.

Na ruwa ne yafi damuna. Shekara da shekaru ana rubuta cewa kifin nan mai dogon baki da tuta a bayansa yana kilomita 110 a awa, daga baya da aka auna da kyamara da na'urori na zamani sai aka samu ko rabin haka da kyar yake kaiwa, amma har yau tsohuwar lambar ce ke yawo.

Sannan Edita, citar nan da muke yabo karewa take yi. Kiyasin 2016 ya nuna kusan 7,100 ne suka rage a daji a duk duniya, ta Asiya kuwa a Iran kadai ta saura kuma yan kadan ne, Indiya sai da ta dauko wasu daga Namibiya a 2022 saboda nata sun kare tuntuni. Wannan abu yana min ciwo sosai.

Rokona ku ware shafi ko da sau daya ne a wata akan halittun Allah, ku nemo malaman jami'a masu ilmin dabbobi su rika rubutawa da Hausa, kuma duk lambar da za'a buga a fadi yadda aka aunata da shekarar da aka auna. Nagode, Allah ya bar zumunci.

Naku,
Mai bibiyar jaridarku a kullum