A koya wa masinjoji da akawunan rajista yadda za su kare kansu

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan wasu bayin Allah da ba a cika tunawa da su ba, wato masinjoji da akawunan da ke karɓar wasiƙu a rajistar ofisoshin gwamnati.

Duk takardar da za ta hau teburin oga ta hannunsu take fara bi, amma je ka ga inda aka aje su. Ɗan ɗaki ne cunkushe da fayil har rufi, fanka na ta juyawa a sama, akawu ya yage ambulan da haƙori ko ya hura mata iska don ta buɗe, ya lashi yatsa ya juya shafi, ga ƙosansa nan a gefe a kan tebur ɗin. Na yi aikin nan shekara da shekaru a wani ofis a nan Zariya kuma wallahi ko sau ɗaya ba a taɓa tara mu an ce ga abin da za ku yi in kun buɗe wasiƙa kun ga wani gari ya zubo ba.

Wani zai ce ai wannan matsalar Turawa ce. To a 2001 ne aka aika wasiƙu a Amurka ɗauke da garin ƙwayar cutar nan da makiyayanmu ke kira ciwon saifa, wato anthrax a Turance, zuwa kafafen labarai da ofishin sanatoci biyu, Tom Daschle da Patrick Leahy. Mutum 22 suka kamu, 5 suka rasu. Sanatocin ko ƙwarzane, amma biyu daga cikin mamatan ma'aikatan gidan waya ne na Brentwood a Washington, waɗanda ba su ma buɗe wasiƙar ba, injin tantance wasiƙu ne ya matse ambulan ɗin garin ya tashi suka shaƙa. Sai da wurin ya yi sama da shekara biyu a rufe. Wannan abu yana ci min rai, kullum talaka ne a bakin wuta.

Mu ma nan ai ba mu manta da ɗan jaridar nan Dele Giwa ba, ƙunshin saƙo ne ya kashe shi a Legas a 1986, duk da shi bam ne. Kuma a watan Yulin 2023 gwamnatin tarayya ta tabbatar da ɓullar ciwon saifa a wata gona a Suleja, kenan ƙwayar tana ƙasar nan. Abin tsoron shi ne wanda ya shaƙe ta da zazzaɓi da tari da ciwon jiki yake farawa, mutumin mu kuwa kemis zai wuce ya sayi maganin maleriya, kafin a farga lokaci ya ƙure, alhali in an gano da wuri akwai magani.

Ba wani kuɗi ne mai yawa ake nema ba fa. Safar hannu da takunkumi, sabulu da ruwa kusa da ƙofa, sai ɗan horo. A nuna musu wasiƙar da ba sunan mai aikowa, ko aka cika mata kan sarki fiye da kima, ko tana da tabon mai, ko an rubuta sai oga kaɗai zai buɗe. In an ga gari kar a girgiza, kar a sunsuna, kar a share, kuma don girman Allah kar a ɗauka a bi ofis ofis ana nuna wa mutane, don na san halinmu wannan ne farkon abin da za mu yi. A aje ta, a rufa mata wani abu, a kashe fanka, kowa ya fita a ja ƙofa, a wanke hannu, a rubuta sunan duk wanda ke ɗakin sannan a kira jami'an tsaro da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, a lambar waya 6232.

Zariya kam ba mu da uzuri. Ga tsangayar likitancin dabbobi a ABU Samaru da suka san cutar nan ciki da bai, ga asibitin koyarwa a Shika. Ina roƙon shugabannin ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari da hukumar gidan waya, NIPOST, su nemi waɗannan masana su shirya bita ko ta yini ɗaya ce, kuma a yi ta da Hausa, a manna lambar wayar a bangon kowace rajista.

Naku,
Wani tsohon akawu, Tudun Wada, Zariya.