Zuwa ga Malam Shehu Dikko: yaranmu na horar da kansu da yunwa saboda sikeli

Ranka ya daɗe, barka da aiki, ba zan tsaya dogon gaisuwa ba.

Tun Oktoban 2024 da Shugaba Tinubu ya rushe ma'aikatar wasanni ya damƙa maka Hukumar Wasanni ta Ƙasa muke ta jin batun masu zuba jari da gyaran filaye, to madalla, amma wai wa ke leƙa abin da 'yan wasa ke yi wa cikinsu ana gobe awon nauyinsu na shiga gasa?

Ka shiga masaukin 'yan boksin ko kokawa ko judo ko tekwando ba tare da jiniya ba. Za ka tarar da yaro ya sa leda a ƙarƙashin riga yana tsalle da igiya cikin rana, wani yana ta tofa yawu a gora, wata ta ci 'yar shinkafa ta zaga bayi ta cusa yatsa a maƙogwaro, koci kuma na tsaye yana cewa saura kilo ɗaya, daure. Kuma abin ba ya ƙarewa a ranar awo, yarinya ta koma gida tana tsoron tuwo, jinin al'ada ya ɗauke mata wata da watanni, sai a ce ai tsabar tirenin ne. Wallahi ciwo ne, yana cin ƙashi yana taɓa zuciya.

Mary Cain 'yar tseren Amurka ta fito a 2019 ta faɗi yadda matsin sai ta rame a ƙarƙashin koci Alberto Salazar ya sa al'adarta ta tsaya shekara 3, ƙashi 5 suka karye mata. Can fa inda likitoci suke birjik kenan. Kwamitin Olamfik na duniya tun 2014 ya fitar da matsaya kan wannan cuta, mu ko takardar ta ɓata a hanya ne? A Paris 2024 an dakatar da 'yar boksin ɗinmu saboda furosemide, ba shari'arta na zo yi ba, amma ka san maganin fitsarin nan masu son zubar da nauyi cikin dare ma suna shan sa.

Don Allah Malam, ka sa doka kowane kam, wato sansanin horar da 'yan wasa, ya zama da likita da masanin abinci, a hana tilasta wa yaran da ba su kai 18 ba sauka ajin nauyin da ba nasu ba, kocin da aka kama yana raba ƙwaya kuma a ƙwace lasisinsa. Maganar alawus da abincin kam ɗin kansa sai wani jiƙon.