Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Ma'adanai: A Dakata Da Sa Hannu

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu ne mazauna ƙauyen da ke gindin tudun da wani kamfani yake neman izinin fasawa. Takardar neman lasisinsa tana ofishinku, sa hannunku kawai take jira. Roƙonmu shi ne ku ajiye alƙalamin tukuna, ku saurare mu. Mun zaɓi mu yi maganar a bainar jama'a domin duk abin da aka shirya game da mu zuwa yau, a bayan idonmu aka shirya shi.

Ba wanda ya zo ya yi mana sallama ya ce ga abin da ke tafe. Wayewar gari muka yi muka ga baƙi da na'urorin awo suna kafa turaku a gonakinmu. Daga baya aka kira taro da hantsi, lokacin da maza suke gona, mata suna hidimar gida. Waɗanda suka samu zuwa aka miƙa musu takarda su rubuta suna, wai don a san adadin mahalarta. Yanzu muna jin wannan takarda ce ake nunawa a matsayin shaidar cewa gari ya amince. Rahoton binciken illar aikin ga muhalli kuwa, wanda aka ce an kammala, kundi ne mai kaurin gaske cikin harshen da yawancinmu ba mu ji, kuma an ajiye shi a birni. Ranka ya daɗe, wannan cinikin biri a sama ne.

Kada a ɗauka ba mu san amfanin ma'adini ba. Wayar da muke kira da ita, da wayar wutar da muke ta roƙon a jawo mana, da garmar da muke huɗa da ita, duk daga ƙarƙashin ƙasa aka tono asalinsu. Wani wuri dole a haƙa. Abin da muke musu a kai shi ne a haƙa a wannan wuri, a saman ruwan da muke sha, gidajenmu kuma suna ƙasa da ramin.

Ruwan ne babbar damuwarmu, don haka ku yi haƙuri mu ɗan tsaya a kansa. Duk ramin da ya yi zurfi ya wuce inda ruwan ƙarƙashin ƙasa yake kwance, ruwa zai riƙa tsattsafowa cikinsa, kuma ba a aiki cikin ruwa. Saboda haka kamfani zai kafa manyan injina suna zuƙe shi dare da rana tsawon shekarun aikin. Ruwan da ake zuƙewa ɗin nan ba na banza ba ne. Shi ne wanda yake ciyar da rijiyoyinmu da idon ruwan da dabbobinmu suke sha. Ramin ya zama rijiya mafi zurfi a yankin, sauran rijiyoyi kuma su riƙa tsiyayewa zuwa gare shi, na kusa su fara ƙafewa, na nesa su biyo baya. Tsohon da ya taɓa haƙa rijiya kusa da ta maƙwabcinsa ya san wannan ba tare da ya shiga aji ba.

Wannan a lokacin aiki ke nan. Abin da ya fi tsorata mu yana zuwa ne bayan an tashi. Duwatsun da suke ɗauke da zinare ko tagulla ko dalma sau da yawa a cakuɗe suke da ma'adanai masu farar wuta. Muddin suna binne, lafiya lau. Da zarar an farfasa su an tara su a fili, iska da ruwan sama suka same su, sai su fara fitar da ruwan asid, shi kuma ya narko ƙarafa masu guba ya gangara da su rafi. Ba makunni ba ne da za a kashe ranar da aka rufe ma'adinin. Akwai tsofaffin ramuka a duniya da aka daina aiki a cikinsu fiye da shekara 100, har yau suna zubar da irin wannan ruwa. Mun tambayi wakilin kamfanin wa zai riƙa tace ruwan bayan sun tafi, da kuɗin wa, har zuwa yaushe. Ya ce za a duba.

Sai batun lakar. A ma'adinin zinare, tan guda na dutse kan ba da 'yan giram kaɗan ne, wani lokaci ma bai kai giram biyu ba. Sauran duk ragowa ce, niƙaƙƙen dutse da ruwa da sinadarai, ana tara ta a bayan madatsa. A taswirar da ɗaya daga cikin 'ya'yanmu ya samu ya gani, madatsar tana sama da gari ne, a kan hanyar da ruwan damina yake bi ya sauko mana. An ce mana injiniyoyi za su tabbatar da ƙarfinta. Haka aka tabbatar da ƙarfin madatsar Brumadinho a ƙasar Barazil, 'yan watanni kafin ranar 25 ga Janairun 2019. Ta ɓalle da tsakar rana, ma'aikata suna cin abinci, jiniyar gargaɗi ba ta yi ƙara ba, mutum 270 suka mutu. Shekara uku da 'yan watanni kafin nan, a jihar Minas Gerais, inda Brumadinho ɗin take, wata madatsar ta share ƙauyen Bento Rodrigues, mutum 19 suka rasu, lakar ta bi kogi har teku.

Amma labarin da ya fi hana mu barci shi ne na Aberfan, wani ƙauyen masu haƙar kwal a yankin Wales na Birtaniya. An riƙa tara ɓaraguzan ma'adini a kan tudun da ke saman garin, a kan maɓuɓɓugan ruwa. Mutanen garin sun yi ƙorafi, an rubuta wasiƙu tun shekaru kafin abin ya faru, ana cewa wannan tsibi haɗari ne ga makarantar da ke ƙasansa. Ranar 21 ga Oktoban 1966, da safe, yara sun shiga aji, tsibin ya zame. Mutum 144 suka mutu, 116 daga cikinsu yara ne. Hukumar binciken da aka kafa ta ɗora laifin a kan hukumar kwal ta ƙasar. Wasiƙun suna nan cikin fayil, an karanta su bayan an binne yaran. Ba mu so tamu ta zama irin wannan, ihu bayan hari.

Ƙura ma ba ƙaramin abu ba ce. Kowa ya ji abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, har sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka kai ɗauki aka kuma kankare ƙasar tsakar gidaje. Gaskiya ne can ba babban kamfani ba ne, mutanen gari ne suke niƙa dutsen zinare mai ɗauke da dalma a cikin gidajensu. To amma a Kabwe ta ƙasar Zambiya babban ma'adini ne mai rajista da injiniyoyi, an rufe shi tun 1994, kuma yaran da aka haifa shekaru bayan rufewar har yanzu ana samun dalma a jininsu. Dalma ba ta ruɓewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da za a ce ba ya cutarwa, kuma ƙwaƙwalwar ƙananan yara take fara taɓawa, su da suke rarrafe a ƙasa suna kai hannu baki. Ba mu ma shiga zancen nakiya da tsagewar bango ba, ko manyan motocin da za su riƙa ratsa hanyar da 'ya'yanmu suke bi zuwa makaranta.

An yi mana alkawarin aikin yi. Mun yarda wasu za su samu, musamman lokacin gini. Sai dai ma'adinin zamani aikin injina ne, masu sarrafa su kuma da takardunsu ake zuwa da su daga nesa. Abin da kan rage wa ɗan gari shi ne gadi da shara da dako. Gona kuwa, komai ƙanƙantarta, ta ciyar da kakanninmu, tana ciyar da mu, kuma ba ta da ranar rufewa. Diyya sau ɗaya ake biya, a cinye ta cikin shekara biyu ko uku, mutum ya koma ba gona ba kuɗi. Wanda yake son ganin ƙarshen irin wannan ciniki ya je tsaunukan Jos, inda aka kwashi kuza tun farkon ƙarni na 20. Kamfanonin sun daɗe da tafiya. Kududdufan suna nan birjik a inda da gonaki ne, suna cin mutane da dabbobi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani abin baƙin ciki, tun ba a sa diga a ƙasa ba an riga an raba mana kai. An ɗan lasa wa wasu zuma a baki, an nuna musu cewa duk mai tambaya maƙiyin ci gaba ne. 'Yan uwa ciki ɗaya sun daina gaisawa. Ba mu zargin waɗanda suka karɓa, talauci ba abin wasa ba ne. Amma muna so ku sani, idan aka kawo muku mutum biyar da manyan riguna aka ce su ne gari, ba su ne gari ba.

Za a iya ce muku ma'adini mallakar ƙasa ne, ƙauye ba shi da ta cewa. A dokar ƙasashe da yawa haka ne. Duk da haka an sha tambayar mutane, kuma sama ba ta faɗo ba. A Indiya, a 2013, Kotun Ƙoli ta ce a bar majalisun ƙauyukan tsaunukan Niyamgiri su yanke hukunci kan haƙar ma'adinin da ake yin alminiyam da shi. Ƙauyuka 12 aka tambaya, duka 12 suka ce a'a, gwamnati ta hana aikin. A garin Cajamarca na ƙasar Kolombiya, a 2017, an kaɗa ƙuri'a kan wani katafaren ma'adinin zinare, kusan kowa ya ƙi. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2007 kan haƙƙin 'yan asalin wuri ta yi maganar amincewar da aka bayar ba tilas, kafin a fara aiki, bayan an sanar da mutane komai. Takardar mahalarta taro ba ta cika ko ɗaya daga cikin ukun nan ba.

Ga abin da muke nema. A jingine lasisin, a kawo rahoton muhallin nan garin, a karanta mana shi da harshenmu a gaban kowa, har da mata, domin su ne za su yi tafiyar neman ruwa idan rijiya ta ƙafe. A turo masana waɗanda ba kamfanin ne yake biyansu ba, su auna zurfin rijiyoyinmu da tsabtar ruwansu da jinin yaranmu tun yanzu, don kada gobe a ce dama haka muke. Idan bayan duk wannan hukuma ta ga dole sai an yi aikin, to kada a gina madatsar laka a saman gidajen mutane ko da wane irin tabbaci, kuma kamfanin ya ajiye cikakken kuɗin cike rami da tace ruwa a asusun da ba zai iya taɓawa ba, kafin katafila ta farko ta shigo. Kamfani yana iya canza suna, ya sayar da hannun jari, ya ce ya karye. Mu ba mu da inda za mu koma, iyayenmu a nan suke kwance.

Mu dai matsayinmu, bisa abin da muka gani zuwa yau, shi ne ba mu amince ba.

Muna gayyatarku ku zo da kanku, ba wakili ba, kuma ku zo da damina. Za mu hau da ku inda aka kafa turakun madatsar, ku tsaya a wurin ku duba ƙasa. Rufin makarantar firamarenmu ne abin da za ku fara gani.

Allah ya yi muku jagora.

Naku,
Mazauna ƙauyen da ke gindin tudun