Hamtramck: a daina ba mu labarin rabi da rabi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi maka fatan alheri tare da dukkan ma'aikatan wannan jarida mai farin jini. Na ɗauki alƙalami ne saboda wata magana da 'yan uwa suke ta turo mini, wai akwai wani gari a Amurka da Musulmi suka karɓe, kuma wai garin kaf ya koma bayan Trump. Garin Hamtramck suke nufi, a jihar Michigan. Ni kuwa a Detroit nake zaune, ina tuƙin haya, kuma da wuya rana ta faɗi ban ratsa ta titin Joseph Campau, babban titin Hamtramck, ba. To bari in faɗi abin da ido ya gani.

Garin ɗan mitsitsi ne, bai wuce murabba'in mil 2 da ɗan ɗori ba, Detroit ta kusa zagaye shi ta ko'ina. A ƙidayar 2020 mutum 28,433 aka samu. Asalinsa garin 'yan Poland ne da suka zo aiki a masana'antar motocin Dodge, har Fafaroma John Paul na biyu ya kai musu ziyara a 1987. Da masana'antar ta rufe, 'ya'yansu suka yi ta ƙaura zuwa bayan gari, mutanen Yaman da Bangladesh da Bosniya suka maye gidajen. A 2004 aka amince a riƙa kiran sallah da lasifika, bayan an kai ruwa rana har da ƙuri'ar jin ra'ayi. A 2015 Musulmi suka samu rinjaye a majalisar gari, a zaɓen 2021 kuma Amer Ghalib, haifaffen Yaman, ya kayar da Karen Majewski, wadda ke kan kujerar a lokacin, ya zama magajin gari, kujeru shida na majalisa duk suka koma hannun Musulmi. Duk wannan gaskiya ne.

Abin da ba a faɗa shi ne ƙanƙantar ikon. Magajin gari a nan ba shi ke riƙe da ragamar aikin yau da kullum ba. Majalisa ce ke ɗaukar manajan gari, ma'aikaci mai albashi, shi ke kula da ma'aikata da kasafin kuɗi, in bai yi musu ba su sallame shi. A takardar zaɓen kansila kuwa ba za ka ga sunan Democrat ko Republican ba, sunan mutum ne kawai. Sau biyu ma, a 2000 da 2013, da asusun garin ya yi ƙaf, jiha ta turo jami'in da ya karɓe harkar kuɗin gaba ɗaya, zaɓaɓɓu suka koma 'yan kallo.

Na taɓa raka wani abokina zaman majalisar, saboda yana da ƙorafi kan takardar kuɗin ruwa. Na shiga da zaton zan ji manyan maganganu. Ina! Wata tsohuwa mai sanda ta tashi ta yi ta faɗa kan sharar da ake jibgewa a lungun bayan gidanta, ɓeraye sun hana ta sakat. Wani matashi mai jar dasashi irin na masu cin goro (ashe ganyen nan na Bangladesh yake tauna) ya ce samari na gudu da mota a layinsu, a sa musu tudun rage gudu. Kowa 'yan mintoci ake ba shi, lokaci na cika a ce ya zauna. Yawancin aikin ke nan: shara, ramukan titi, tsofaffin bututun ruwa masu dalma, wurin ajiye mota ranar da ƙanƙara ta zuba. Abubuwan da suka yi amo, kamar izinin yanka dabbar layya a gida da hana kafa tutar 'yan luwaɗi a kadarorin gari, duka a 2023, su ne kaɗai ke tsallaka teku.

Sai batun Trump. Ghalib ya mara masa baya a Satumban 2024, Trump ya zo garin a Oktoba, daga baya ma ya gabatar da sunan Ghalib a matsayin jakada a Kuwait. Amma Trump bai ci garin ba. Biden ya samu kusan kashi 85 cikin 100 a 2020. A 2024 Kamala Harris ta faɗo zuwa kusan kashi 46, Trump na biye da kusan 43, Jill Stein ta jam'iyyar Green ta kwashi nata rabon. Faɗuwar ta yi muni, ba musu. Sai dai fasinjojin da na ɗauka a makonnin zaɓen, ba wanda ya ce mini ya zama ɗan Republican. Gaza suke ambata, da tsadar kaya, da abin da ake koya wa yara a makaranta. Wani dattijo ɗan Yaman da na sauke a ƙofar masallaci ya ce shi fushi ya kai akwatin zaɓe, kuma bai yi wa kowa alkawarin gobe ba.

Ina roƙon ku, in za ku sake kawo labarin garin nan, ku sa wakilinku ya zauna zaman majalisa ko sau ɗaya, tun daga buɗewa har a tashi.

Naku mai karatu,
daga Detroit, jihar Michigan