Iyayen Maryland sun yi gaskiya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci kan yadda jaridunmu ke kwatanta masu ra'ayin mazan jiya a Amurka, kamar ba su da abin faɗa sai ƙin baƙi.

A 2023 hukumar makarantun gundumar Montgomery a jihar Maryland ta soke damar da iyaye ke da ita ta janye 'ya'yansu daga darussan da ake karanta littattafan yara masu labarin auren jinsi. Iyaye Musulmi da Kiristoci suka haɗa kai suka kai ƙara. Ranar 27 ga Yuni, 2025 Kotun Ƙoli ta goyi bayansu, alƙalai 6 suka rinjayi 3, kuma shidan nan duk shugabannin ƙasa 'yan jam'iyyar Republican ta masu ra'ayin mazan jiya ne suka naɗa su. Mai shari'a Samuel Alito ne ya rubuta hukuncin.

Ban yarda da hana 'yan wasu ƙasashen Musulmi shiga Amurka da Trump ya yi a 2017 ba, har gobe. Amma a maganar tarbiyya, wallahi masu ra'ayin mazan jiya suna da hujja: uba da uwa ne ya kamata su yanke abin da za a koya wa ɗan shekara biyar game da aure, ba hukumar makaranta ba.

Naka,
Mai karanta jaridarku daga Zariya